Abin da Ba'amurke ke nema a kanti

Duk wanda ya taɓa ganin hotunan ranar Black Friday a Amurka, ranar da ake buɗe manyan kantuna da asuba jama'a na ture juna a kan talabijin mai rahusa, zai yi saurin yanke hukunci cewa kwaɗayi ya yi wa mutanen nan yawa. A shekarar 2008 har wani ma'aikacin kantin Walmart aka tattake ya mutu a bakin ƙofa, a Valley Stream ta jihar New York. Ban ce babu kwaɗayi a ciki ba. Amma kwaɗayi yana da ƙoshi, mai kwaɗayin nama in ya cika ciki sai ya wanke hannu. Wanda ya cika ɗakunansa, ya cika gareji har mota ta koma kwana a waje, sannan ya kama hayar ɗakin ajiya a bayan gari yana biya wata-wata saboda kayan da ba zai ƙara waiwaya ba, wannan wani abu ne daban yake korarsa. A ganina tsoro ne, tsoron mutuwa, kuma marubutan ƙagaggun labarai na ƙasar sun riga masana tattalin arziki gane haka.

Marubutan da nake nufi su ne na zangon da masu nazarin adabi ke kira na bayan zamani, waɗanda suka yi tashe daga wajen 1960 zuwa ƙarshen ƙarnin da ya wuce. Abin da ya haɗa su shi ne ba su yarda akwai sauran wani babban labari guda, na coci ko na ƙasa ko na zuri'a, da ke riƙe da rayuwar Ba'amurke ba. Talla da talabijin sun cike gurbin. A cikinsu wanda ya fi kama bakin zaren shi ne Don DeLillo, ɗan unguwar Bronx a New York, haifaffen 1936, wanda ya yi shekaru yana rubuta talla a kamfanin Ogilvy kafin ya ajiye aikin a 1964. Wato ya san yadda ake dafa abin kafin a kawo shi kan tebur. Littafinsa White Noise ya fito a watan Janairun 1985, ya kuma ci kyautar littafi ta ƙasa a shekarar. Da farko ma sunan Panasonic ya so ya sa masa, kamfanin ya ƙi.

Jarumin littafin, Jack Gladney, farfesa ne a wata ƙaramar kwaleji a wani gari mai suna Blacksmith. Shi ya ƙirƙiro sashen nazarin Hitler a 1968, da shi ya yi suna, amma ba ya jin Jamusanci. A ɓoye yake zuwa ɗaukar darasi, yana fargabar ranar da asirinsa zai tonu. Shugaban kwalejin ne ya ba shi shawara ya ƙara haruffa a gaban sunansa, ya ƙara ƙiba, don a riƙa jin nauyinsa. A harabar makaranta ba a ganinsa sai da baƙar alkyabbar malamai da baƙin tabarau.

Akwai wani wuri a littafin da nake ganin shi ne zuciyar maganar. Jack ya shiga kantin kayan gini a ranar da ba ya aiki, babu alkyabba babu tabarau, sai ya ci karo da wani abokin aikinsa. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa yana murmushi, ya nemi kada ya ji haushi, sannan ya gaya masa cewa yau ya gan shi wani ƙaton mutum ne kawai mai manyanta, marar cutarwa, wanda ba a iya bambanta shi da kowa. Jack bai mayar masa da baƙar magana ba. Abin da ya yi shi ne ya kwashi matarsa da 'ya'yansa suka nufi rukunin kantuna. Suka shiga saye, bene bayan bene, abin da suke buƙata da wanda ba su da niyyar amfani da shi. 'Yan matan na gaba suna nemo masa kaya, shi kuma yana sa hannu a takardar katin bashi, yana jin kamar girmansa na dawowa da kowane ciniki, har ya ce wa yaran kowa ya zaɓi kyautar Kirsimeti tun yanzu. Da suka shiga mota za su koma gida, shiru kake ji. Suna isa kowa ya shige ɗakinsa, yana son a bar shi shi kaɗai.

Ba a ce Jack ya yi sha'awar ko ɗaya daga cikin kayan ba. An nuna masa cewa in aka tuɓe alkyabbar, tsoho ne mai hanyar tafiya kamar kowa, sai ya je ya sayo wata. Ta yi masa aiki na awa biyu ko uku. Haka ma wata safiya da ya je na'urar cire kuɗi ya duba ragowar asusunsa, ya ga adadin ya yi daidai da lissafin da ya yi da kyar a gida. Ya ji wani sanyi a ransa da godiya, kamar an sa wa rayuwarsa albarka. Na'ura ta shaida cewa yana nan.

DeLillo bai ƙago wannan tunani daga iska ba. A 1973 wani masanin al'adun bil'adama, Ernest Becker, ya fitar da littafi mai suna The Denial of Death. Hujjarsa ita ce ɗan'adam ne kaɗai halittar da ta san za ta mutu, kuma ba zai iya wuni da wannan sani a gabansa ba, don haka yake gina wani abu da zai fake a bayansa ya ji kamar ya fi ƙarfin ruɓewa: mulki, suna, dukiya, ƙungiya, gwarzo da zai bi. Becker ya rasu da ciwon daji a watan Maris na 1974, kyautar Pulitzer ta zo wa littafin bayan wata biyu. A White Noise, abokin Jack mai suna Murray ya faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa ya raɓi Hitler ne don mutumin da ya kashe miliyoyi ya yi masa kama da wanda ya fi mutuwa girma, yana fatan inuwarsa ta rufe tasa 'yar mutuwar.

To amma me ya sa kanti? Kowace al'umma tana tsoron mutuwa, ba kowace ce ta mai da sayayya maganinta ba. A nan sai an duba inda gawa ta tafi a Amurka. Tun yaƙin basasar ƙasar, na 1861 zuwa 1865, aka fara ɗura wa gawar sojoji sinadari don a iya kai su gida daga fagen fama. Gawar Shugaba Lincoln da aka zaga da ita garuruwa a jirgin ƙasa a 1865 ta sa abin ya karɓu. Sannu a hankali wanka da suturar mamaci suka bar hannun dangi suka koma hannun kamfani. Mutuwa ta bar ɗakin tsakar gida ta koma asibiti da gidan kula da tsofaffi. Mamaci kuma sai an yi masa kwalliya, an shafa masa hoda, an kwantar da shi a akwati mai katifa kamar mai barci, sannan a kira 'yan uwa su gani. Jessica Mitford ta tona asirin wannan sana'a a 1963 a littafinta The American Way of Death, ta nuna yadda ake amfani da ruɗewar masu makoki a sayar musu da akwati mafi tsada. A 'yan shekarun nan matsakaiciyar jana'iza da binnewa a ƙasar tana cin wajen dala 8,000.

A daidai shekarun da gawa ke ɓacewa daga ido, kaya suna cika shi. Katin Diners Club ya fito a 1950, katin bashi na Bank of America ya biyo baya a 1958. A 1956 aka buɗe Southdale a jihar Minnesota, rukunin kantuna na farko da aka rufe ruf a ƙarƙashin rufi ɗaya, babu ruwan mai saye da sanyi ko zafi ko faɗuwar rana. Wuri ne da ba a ganin abu ya tsufa. Tuffa in ta fara laushi an kwashe ta kafin ka zo, gobe sabuwa na nan tana sheƙi a ƙarƙashin fitila. Mutumin da ya girma bai taɓa ganin gawa ba a yi mata kwalliya ba, wanda ba shi da wurin zama da tsoronsa tare da jama'a, ina zai je in abin ya taso masa ranar Asabar da yamma? Murray yana shiga babban kantin Blacksmith yana shinshina kaya kamar mai ziyarar wurin ibada, yana cewa a nan ake sabunta ruhi. Wasa ne DeLillo yake yi, amma rabin wasan gaskiya ne.

Mai karatu da ya haddace Suratut Takasur tun yana makarantar allo zai ce ai wannan tsohon labari ne, an riga an gaya mana gasar tara abin duniya tana shagaltar da mutum har ya ziyarci kaburbura. Haka ne. Abin da littafin DeLillo ya ƙara mini shi ne lura da cewa shagalar ba haɗari ba ce da ta faɗa wa mutum yana tafiyarsa. Nemanta yake yi, yana biya da kuɗinsa, saboda ya hango kabarin ba ya so ya duba.

A tsakiyar littafin tankar jirgin ƙasa ta goce daga layin dogo, wani baƙin hayaƙi mai guba ya tashi ya doshi garin. Jack ya ƙi yarda abin zai iso gidansa. Dalilinsa kuwa shi ne irin wannan bala'i talakawa yake samu, masu zama a kwari da gidajen kwano, wa ya taɓa ganin farfesa a talabijin yana tuƙa kwalekwale a layinsu saboda ambaliya? Ƙarshe dai aka kwashe su. A hanya ya fita zuba wa mota mai, ya shaƙi iskar na minti biyu da rabi. A sansanin da aka tara su wani jami'i ya shigar da bayanansa a kwamfuta, ya sanar da shi cewa gubar na iya zama a jiki shekara 30, sai bayan shekara 15 za a san inda aka dosa. Wato an gaya masa zai mutu wata rana, abin da ya sani tun fil'azal, amma da ya fito a fuskar kwamfuta sai ya zama gaskiya. A daren ya zauna yana kallon yaran suna barci, ya ji 'yarsa Steffie tana gunagunin wasu kalmomi. Ya kasa kunne yana tsammanin wani sirri daga can ƙasan zuciyar yarinya. Ashe sunan mota take maimaitawa, Toyota Celica. Abin da ya fi ba ni tsoro a wurin shi ne Jack bai ji takaici ba, wani irin shauƙi ya ji kamar wanda ya saurari addu'a.

Littafin ya shiga kasuwa makonni kaɗan bayan iskar guba ta tsiyayo daga masana'antar Union Carbide a Bhopal ta Indiya, a farkon Disamban 1984, ta kashe dubban mutane, akasarinsu mazauna unguwannin marasa galihu da ke gefen masana'antar. Farfesan ƙage bai yi ƙarya ba game da wanda bala'i ya fi samu.

Sai kuma matarsa Babette, wadda yake ɗauka ita ce ginshiƙin gidan, mai lafiya da fara'a. Ashe ita ma tsoron ya hana ta sukuni, har ta riƙa ba wani mutum kanta a wani ƙaramin otal don ya ba ta wata ƙwaya mai suna Dylar da ake gwajinta a ɓoye, wai tana kashe tsoron mutuwa a ƙwaƙwalwa. Ƙwayar ba ta yi aiki ba. Da Jack ya ji, kishi ya kama shi, amma har da neman ragowar ƙwayoyin a cikin shara don shi ma ya sha. Ba maganin mutuwa suke nema ba, sun san babu. Maganin tunaninta suke so, kuma sun tabbata in akwai shi to sayar da shi ake yi.

Waɗanda suka biyo bayan DeLillo sun ɗaga murya fiye da shi. A American Psycho na Bret Easton Ellis, 1991, Patrick Bateman matashin ma'aikacin Wall Street ne da ba ya iya kallon mutum sai ya lissafa kamfanin da ya ɗinka kwat ɗinsa da takalminsa. Abokansa suna kiransa da sunan wani, shi ma yana rikita su, don duk kayansu iri ɗaya ne. Gumi yake yi in katin sunan wani ya fi nasa kyawun takarda. Da dare yana kisa, ko kuma yana zaton yana yi, kuma da ya kira lauyansa ya fallasa kansa sai lauyan ya ɗauka raha ce. A Fight Club na Chuck Palahniuk, 1996, mai ba da labarin aikinsa a kamfanin mota shi ne lissafa wanne ya fi araha, a janye motoci masu lahani ko a bari mutane su mutu a biya diyya. Ya cika gidansa da kayan ɗaki na kamfanin IKEA, barci ya ƙaurace masa, ba ya samunsa sai ya je taron masu ciwon daji ya yi ƙaryar shi ma yana ciki, ya rungumi masu jiran mutuwa ya yi kuka. Wannan kashi na farkon littafin ya fi duk dambe da fashe-fashen da suka biyo baya daraja.

Dukansu biyu ina ganin sun gaza DeLillo, kuma dalili ɗaya ne. Sun tsaya a waje suna tsine wa mai saye, suka yi wa tsinuwar ado har ta zama abin sha'awa. Kasuwa kuwa ba ta ƙin abin sha'awa. Fim ɗin Fight Club na 1999 ya sa Brad Pitt, ɗaya daga cikin fuskokin da suka fi tsada a duniya, yana wa'azin ƙin kaya, daga baya aka yi wasan kwamfuta da riguna da sunansa. Bateman, wanda aka rubuta don a yi ƙyamarsa, yau samari ke yaɗa hotunansa a TikTok a matsayin namijin duniya, suna kwaikwayon yadda yake gyaran fuska da safe. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Jack Gladney kuwa ba mai buga hotonsa a riga, domin ba gwarzo ba ne, matsoraci ne mai son 'ya'yansa, kuma marubucin bai nuna ya fi shi ba. Shi ya sa tsoron nasa yake taɓa mai karatu.

Akwai suka guda da na yarda da ita a kan dukansu uku. Tsoron da suke bayani na farin mutum ne mai albashi da inshorar lafiya, wanda ke da sararin zama ya ji tsoron mutuwar da ba ta da rana. Miliyoyin Amurkawa tsoronsu yana da suna da farashi: kuɗin allurar ciwon sukari, takardar bashin asibiti, ɗan sanda a bakin titi. Kuma kanti ba kowa yake yi wa maraba ba. Toni Morrison ta nuna wannan tun 1970 a The Bluest Eye, labarin da ta kafa a garinsu Lorain na jihar Ohio wajen 1941. Pecola, yarinya baƙar fata 'yar shekara 11, tana ta shan madara ba don yunwa ba, sai don ta riƙe kofin da ke da hoton Shirley Temple, farar yarinya tauraruwar fim. Ta ɗauki kobo uku ta je sayen alewa mai hoton wata farar yarinya mai shuɗin ido. Mai kantin ya dube ta bai ga mutum ba, yana ƙyamar hannunsa ya taɓa nata wajen karɓar kuɗin. Ta fito ta ci alewar tana jin kamar idon yarinyar take haɗiya. Jack yana saye don ya tabbata yana nan, Pecola tana saye don ta daina zama ita, addu'arta kullum Allah ya ba ta shuɗin ido. Wanda ya san cinikin man bilicin a kasuwanninmu ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan babi. Sai dai sukar ba ta rushe maganar DeLillo ba, ta nuna ne cewa ya ba da labarin ɓangare ɗaya na kantar ciniki.

Abin da ya faru bayan littattafan ya fi su ban mamaki. Makonni biyu bayan harin 11 ga Satumban 2001, a lokacin da ƙasar ta ga mutuwa ido da ido a tsakiyar New York, Shugaba George W. Bush ya tsaya a filin jirgin O'Hare na Chicago ya ce wa jama'a su hau jirgi, su kwashi iyali su tafi wurin shaƙatawa na Disney World. Yana da hujjarsa, kusan kashi biyu cikin uku na tattalin arzikin Amurka sayayyar jama'a ce, in suka zauna makoki ƙasa za ta tsaya cik. Ma'ana tsarin da kansa ba zai iya jure dogon zaman makoki ba.

A 2022 Noah Baumbach ya mai da White Noise fim, aka ɗauki akasarinsa a jihar Ohio, har wasu mutanen wani ƙaramin gari mai suna East Palestine suka fito a cikin masu cika taro, suna kwaikwayon gudun hayaƙi. Ranar 3 ga Fabrairun 2023 jirgin ƙasan kaya na kamfanin Norfolk Southern ya goce daga layin dogo a garin nasu ɗauke da sinadarai masu guba. Bayan kwana uku hukuma ta cinna wa sinadarin wuta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama, an riga an kwashe mutane daga gidajensu, wasunsu na cewa abin sai ka ce fim ɗin da suka fito a ciki.

Ƙwayar Dylar ma ba ta tsaya a takarda ba. Bryan Johnson, attajirin da ya sayar da kamfaninsa Braintree a kan dala miliyan 800 a 2013, yana kashe wajen dala miliyan 2 a shekara don ya hana jikinsa tsufa. Yana haɗiyar ƙwayoyi barkatai kullum, likitoci na auna masa kowace gaɓa, a 2023 har ruwan jinin ɗansa matashi aka ƙara masa, daga baya ya ce bai ga amfaninsa ba ya daina. Taken tafiyarsa shi ne kada a mutu, yana da mabiya, Netflix ta yi fim a kansa. Wanda ba shi da miliyan biyu kuma bai rasa rabo ba, domin a shafin kamfaninsa ana sayar da man zaitun da garin ƙarin kuzari, ana kai wa mutum har gida duk wata.